Ma'adinan da ke cikin salularka

Salamu alaikum 'yan uwa. Mu leƙa babbar kasuwar Maraɗi, mu tsaya gaban teburin mai gyaran salula. Batirin nan da ya cire ya ajiye gefe, akwai litiyam da kobalt a cikinsa. Ɗan lasifikar da ke fitar da murya, maganaɗisun da ke ciki da niyodimiyam aka haɗa shi. Abin da yake narkarwa yana liƙi da shi kuwa, akasarinsa kuza ne, irin wanda aka daɗe ana haƙa a Jos.

Irin waɗannan ne ake kira muhimman ma'adinai. Kaɗan ake sawa, kamar gishiri a miya, amma in babu su masana'anta ta tsaya cik, kuma ƙasashe ƙalilan ne ke riƙe da su. Kongo ta Kinshasa kaɗai na haƙo kusan kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya.

To amma haƙa daban, tacewa daban. Bamaraɗe ya san wannan tun zamanin gyaɗa: wanda ya sayar da ita a buhu bai kai wanda ya matse mai ya soya ƙuli-ƙuli samu ba. Cina ta gane haka da wuri. Ma'adinai 17 da ake kira masu wuyar samu, kusan kashi 90 cikin 100 a can ake tace su. Da ta taƙaita fitar da wasu muhimman ma'adinai biyu, galiyam da jamaniyam, a 2023, sai hankalin masu ƙera kayan lataroni a Amurka da Turai ya tashi.

Mu dawo gida. Tun 1971 ake haƙar yuraniyam a Arlit. Shekara da shekaru ana ɗora garinsa mai ruwan ɗorawa a manyan motoci zuwa Kotono, daga nan jirgin ruwa ya kai shi Faransa, ƙasar da mafi yawan wutarta daga nukiliya take. Mu kuwa nan Maraɗi, ta layin Katsina wuta ke zo mana. Wa ya manta duhun watan Agustan 2023, da Najeriya ta katse ta?

A watan Yunin 2025 gwamnatin Nijar ta mayar da Somaïr, kamfanin da ke haƙar yuraniyam a Arlit, mallakar ƙasa. Rijiyar dai ta dawo hannu, saura guga: masana'antun da ke sarrafa wannan gari a matakin farko kafin ya zama makamashi suna Faransa, Rasha, Cina, Kanada da Amurka.