Idan bonar mai ta ƙi kamawa ta kulle kanta

Assalamu alaikum, jama'a. Yau maganarmu kan bona ce mai ƙona mai, irin su Beckett da Riello, wadda ake ɗumama gidaje da ita a arewa maso gabashin Amurka da wasu sassan Turai. Irinta ce kuke gani a jikin wasu tandunan gidan burodi da boilar masana'anta tana shan dizal.

Mu fara da maɓallin nan mai launin ja na sake kunnawa. Sau ɗaya ake danna shi, don Allah ku riƙe wannan. Da bona ta tashi, famfo zai fara fesa mai, na'urar kula kuma ta jira yawanci daƙiƙa 15, tsofaffin har 45, ta ga ko wuta ta kama. In ba ta gani ba, sai ta yanke komai. Kowace dannawa ƙarin mai ne ke kwanciya a ɗakin ƙonewa, kuma da tartsatsi ya same shi, bugawa zai yi, ya watsa baƙin hayaƙi ko ya ƙone wanda ke tsaye a wajen.

Bayan dannawar nan ɗaya, ka kasa kunne ka zuba ido. Shin wuta ta kama sannan ta mutu, ko ba ta kama ba sam?

In ta kama ta mutu, nufi idon wuta, ɗan ƙaramin abin nan da ke hango haske ta cikin bututun iska. Haske yana sauke juriyarsa ga lantarki, wadda ake aunawa da om. Idan wuta na ci, mita ya kamata ta nuna ƙasa da om 1,600. Zare shi ka goge, ka duba mazauninsa bai karkace ba. Amma tsaya, me ya sa ya yi baƙi tun farko? Iska ce ta yi kaɗan ko nozul, ɗan bakin da ke fesa mai, ya lalace, kuma gogewa ba za ta magance wannan ba. Kar wani ya haɗe wayoyinsa ya bar bona tana aiki, ya cire mata tsaro ke nan.

In ba ta kama ba, mai ne ko tartsatsi. Duba tanki da bawul, sannan filta. Buɗe kusar fitar da iska ta jikin famfo, ka tara gwangwani: kumfa na nufin iska ta shiga layi, mai fari-fari kuma ruwa ne daga gindin tanki. Idan motar lantarkin da ke juya famfo na juyawa babu ɗigo, sau da yawa robar da ke haɗa mota da famfo ce ta cinye. Ɗaura gejin auna matsin mai, domin a kan matsin 100 psi ake auna nozul, bona da yawa kuma an saita su a 140.

Sai tartsatsi. Yanke lantarki tukuna, tiransifomar da ke ba da tartsatsi bolt 10,000 ko fiye take fitarwa. Zaro sandunan tartsatsi ka duba farin tangaran ɗinsu, ko tsaga siririya ce tana satar wutar. Tazarar bakinsu wajen milimita 3 zuwa 4 ce, amma bi takardar kamfanin. Nozul ba a tsokale shi da allura, sabo ake sawa mai lamba ɗaya da na da, misali galan 0.75 a awa da kusurwar feshi digiri 80. Ka gama, ka gwada hayaƙin da na'urar awo kafin ka rufe murfi.