Ɗan abin da ke ƙarƙashin allo

Jama'a assalamu alaikum, ku matso ku ga abin da ya faranta min rai yau a bakin tekun Tarifa, nan kudancin Sifaniya. Iskar gabas da suke kira Levante tana ta kaɗawa tun asuba, na hau allona mai filafilai, wanda iska ke turawa a kan ruwa, ina sheƙa gudu, kawai sai na ji ƙaf! Na daki dutse a ƙarƙashin ruwa. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, fiffiken allo ya tafi.

To ga shi nan a hannuna. Kun ga bakinsa? Ɗan ɓallewa ne kawai, bai kai farce ba.

Wannan fiffiken da ake ɗaurawa a ƙasan allo ta baya, shi ke hana iska ta kwashe ka gefe. Nawa na G10 ne. Ƙyallen zaren gilashi ake jerawa ɗaya kan ɗaya, a jiƙa shi da gam mai ƙarfi na ifoksi, a danne da zafi har ya zama faranti mai tauri. Daga nan inji mai aiki da kwamfuta ya sassaƙo siffar. Ku duba waɗannan layukan masu kama da jijiyar katako, kowane layi ƙyalle guda ne. Abin mamaki, asalinsa ma kayan lantarki aka yi shi dominsu. Daɗinsa, in ya ɓalle haka, samfefa mai laushi da ruwa sun wadatar. Amma don Allah kar ku goge shi a bushe, ƙurar na sa ƙaiƙayi kuma ba ta da kyau ga huhu.

Masu tsere kuwa fiffiken zaren kabon suke so. Shi ba sassaƙa shi ake yi ba, da hannu ake shimfiɗa zaren cikin mazubi, kuma yadda aka karkata zaren shi ke sa bakin fiffiken ya lanƙwasa ya ɗaga allo sama da ruwa. Na taɓa aron na wani abokina, wallahi kamar ana tura ka. Sai dai da a ce da shi na daki dutsen nan, da yanzu ba dariya nake muku ba.

Kai, ku ga can! Duwatsun Maroko ke nan, kilomita 14 kacal. Kullum na hango Afirka sai zuciyata ta motsa.

Sai maganar gindin fiffiken, wato wajen da ke shiga ramin allo, ku kula kafin ku saya. Irin da ake kira Power Box sukuru ɗaya ne, irin Tuttle biyu, ba sa shiga ramin juna. Fiffiken roba kuma, in ka wuce koyo, ka rabu da shi. Da ka matsa masa sai ya yi laushi, iska ta shige gefensa, bayan allo ya zame maka.

Bari in goge wannan in koma ruwa kafin iska ta kwanta.