Sharhi: Durom Ɗaya A Bayan Gidan Abinci

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka.

Duk wanda ya saba shan lemon kwalba a gidan abinci ya san ƙa'ida: ka sha, ka bar kwalbar. In kuwa gida za ka kai, sai ka ajiye kuɗin jingina. Mai gida ya jera su a kires, motar kamfani ta kwashe, a wanke a sake cikawa. Haka ake yi a mashayu da otal-otal har gobe. Ba a taɓa tara masu shaguna an yi musu wa'azin muhalli ba. Kwalbar ce ke da kuɗi, shi ya sa ba ka ganinta a kwata.

To amma roba da gwangwani da leda sun ci kasuwa. Zagaya bayan gidan abinci da la'asar ka gani. Durom ɗaya ne tak, a ciki ga ragowar shinkafa, ga miya, ga ledar ruwa, ga gwangwanin lemo, ga fasasshiyar kwalba. Yaro ɗan gwangwan ya zo da buhunsa, ya tura hannu ba safa yana lalube. Robar da ya ciro ta sha manja, kwalin ya jiƙe ya lalace. Da an ware su tun a kicin, da gwangwanin ya hau sikeli an biya, da ragowar abincin ta kai ga masu kiwo. Abin da ciwo, domin mai sayen kayan yana nan, cakuɗawa ce ke kashe darajarsu.

Jamus ta ɗora jinginar santi 25 na kuɗin Yuro kan robar sha da gwangwani, kuma tun 2023 ta wajabta wa manyan gidajen abinci su tanadi mazubin da ake dawowa da shi. Legas kuwa ta haramta farin mazubin abinci mai kamar soso a Janairun 2024, saboda yadda yake toshe magudanan ruwa.

Mu dai a nan, ba sai an jira doka ba. Hajiya mai gidan abinci, a samu durom uku: na abinci, na roba da gwangwani, na kwalba. A shirya da ɗan gwangwan guda, ya riƙa zuwa a kan lokaci. Hukumomin kwashe shara irin su REMASAB ta Kano kuma, in an ware, kada a sake haɗewa a mota ɗaya.