Tallar barkwanci a kantin littattafan jami'a: dariya ko ciniki?

Malam: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Hajiya, yanzu masu kantin littattafai a cikin jami'a sun fara tallar barkwanci a WhatsApp da TikTok. Tana isa ga ɗalibai kuwa?

Hajiya: Isa kam tana isa, Malam. Ɗalibi zai gani, ya kwashe da dariya, ya tura wa abokinsa. Amma ka tambaye shi bayan kwana biyu, zai ba ka labarin barkwancin kaf, sunan kantin kuwa ya ɓace masa. Abin takaici ne, domin mai kantin ya kashe kuɗinsa.

Malam: To ina gyaran yake?

Hajiya: Dariyar ta fito daga littafin kansa. Misali, a nuna ɗalibi ya yi hotokofin littafi, shafukan tsakiya sun fita baƙi ƙirin, kuma daidai babin da tambayar jarabawa ta fito. Nan take sai a nuna littafin na ainihi, da farashinsa, da inda kantin yake. Bidiyon kada ya wuce daƙiƙa 30, sunan kanti ya bayyana tun a daƙiƙa 5 na farko. A sa rubutu a ƙasa, saboda da yawa a cikin aji suke kallo, sun kashe sauti.

Malam: Ni abin da nake so masu kanti su gane, abokin hamayyarsu ba wani kantin ba ne. Takardun da malami ke rabawa ne, da PDF, wato kwafin littattafai na waya, da ke yawo a guruf ɗin aji. Ɗalibi ba ya cire kuɗi sai malami ya ce littafin dole ne. Don haka tallar da ba ta ɗauke da lambar kwas, da wuya ta kawo ciniki, komai daɗinta.

Hajiya: Ga lokaci kuma. Makonni biyu na farkon zangon karatu, sai dab da jarabawa. Sitatus na WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace, gara a roƙi wakilin aji ya saka a guruf.

Malam: Wane irin barkwanci ne ke ɓata ciniki?

Hajiya: Wasan Kanawa da Zazzagawa mu mun san na zumunci ne, amma a Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take, akwai ɗalibai daga ko'ina a Najeriya, wani zai ɗauka cin fuska ne. Kada a taɓa malami, kada a yi wa ɗalibi dariyar rashin kuɗi, kada kuma a zolayi masu maimaita kwas a makon da sakamako ya fito. Wanda abin ya shafa ba zai sake taka kantin ba.

Malam: Ya mai kanti zai san tallar ta yi aiki?

Hajiya: Ya buga fasta iri biyu, ta barkwanci da ta bayani zalla, kowace da wata kalma ta daban a rubuce a jikinta. Wanda ya faɗi kalmar a kantin a yi masa ɗan ragi, a rubuta a littafi. A Jami'ar Bayero, misali, a manna ɗaya a tsohuwar jami'a, ɗaya a sabuwa.

Malam: Ai tsangayoyin sun bambanta, Hajiya, lissafin zai karkata.

Hajiya: Gaskiyarka. To bayan mako guda a musanya su, sannan a ƙirga.