Abrikosov, mutumin da bincikensa ya kwana shekara 4 a durowa

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya hoton MRI ya san na'urar nan mai kamar rami, wadda kafin ka shiga sai an ce cire agogo cire makulli cire duk wani ƙarfe, to ƙaton maganadisu ne a cikinta, kuma wanda ya fara gano sirrin irin wayar da ake naɗawa a yi shi wani masanin fiziks ne ɗan Rasha, Alexei Abrikosov, haifaffen Mosko a 1928.

Bari mu ɗan koma baya. Kun san yadda caja take zafi in ta daɗe a soket, saboda waya tana yi wa lantarki turjiya ne, wani ɓangare na wutar ya tafi a zafi. A 1911 a garin Leiden na ƙasar Holan, Kamerlingh Onnes ya sanyaya zaiba har kusan digiri 269 ƙasa da sifili, kawai sai turjiyar ta ɓace gaba ɗaya, shi ne ake kira sufakondakta. A 1933 wasu masana Jamusawa, Meissner da Ochsenfeld, suka gano cewa irin wannan abu korar maganadisu yake daga cikinsa. Amma fa akwai matsala, maganadisun yana ɗan ƙara ƙarfi sai abun ya lalace ya koma ƙarfe na yau da kullum, kuma ita kanta wutar da ke bi ta cikin wayar tana haifar da maganadisu, kun ga kenan da kanta take kashe kanta, ba dai a yi maganadisu mai ƙarfi da ita ba.

To anan Abrikosov ya shigo. Ɗalibin babban masanin fiziks Lev Landau ne, ya ɗauki lissafin sufakondakta da Landau da wani masani Ginzburg suka fitar a 1950 ya bi shi ta hanyar da kowa ya tsallake, sai ya ga ashe akwai sufakondakta nau'i na biyu wanda baya faɗa da maganadisu har ya mutu, hanya yake bashi. Ku ɗauki rariyar tankaɗe, gari yana wucewa ta ƙananan huji amma rariyar tana nan daram, to haka maganadisun yake ratsawa ta siraran hanyoyi kamar zare, kowane zare wuta tana kewaya shi kamar 'yar guguwa, sun jeru reras a tsare, sauran jikin kuma yana ci gaba da ɗaukar lantarki ba turjiya.

A 1953 ya gano wannan, ya kai wa malaminsa, Landau bai gamsu ba, Abrikosov kuma ya ajiye takardun a durowa. Wallahi wannan wajen yana taɓa ni, yaro ɗan shekara 25 da gaskiya a hannunsa. Sai da Richard Feynman na Amurka ya bayyana irin guguwar nan a ruwan hiliyam, wato iskar gas ta hiliyam da aka sanyaya har ta zama ruwa, a 1955 sannan Landau ya sauko, aka buga aikin a 1957. Kuma akwai wanda bai kamata a manta ba, Lev Shubnikov, shi tun a shekarun 1930 ya ga alamun abun a ɗakin gwajinsa a birnin Kharkiv na Ukraine, amma gwamnatin Stalin ta harbe shi a 1937.

A 1967 wasu Jamusawa biyu, Essmann da Träuble, suka barbaɗa garin ƙarfe mai laushi sosai a kan sufakondakta, garin ya taru a bakin kowane zare suka ɗauki hoto, ga jerin nan kowa ya gani da idonsa.

Yau wayar da ke cikin yawancin na'urorin MRI haɗin ƙarafan niyobiyam da taitaniyam ce, nau'i na biyun nan, ana jiƙa ta a ruwan hiliyam don ta yi sanyin da turjiya za ta ɓace, ita ce kuma a maganadisun na'urar cibiyar binciken fiziks ta Turai, CERN, mai zagayen kilomita 27 a iyakar Faransa da Suwizalan. Shi kuwa Abrikosov ya koma cibiyar bincike ta Argonne kusa da Chicago a Amurka a 1991, sai a 2003 yana da shekara 75 aka bashi lambar Nobel tare da Ginzburg da Anthony Leggett, shekara 46 bayan fitowar takardar. Ya rasu a 2017 a Kalifoniya.