Darasi: Lanƙwasa Ƙarfen Ɗamarar Baya ta Tsofaffi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka daga nan Garwa, ƙasar Kamaru. Ku yi haƙuri da ƙarar janareta, ba wuta tun safe. Yau a kan ɗamarar baya za mu tsaya, wadda ma'aikatan asibiti ke kira korse, ta dattawan da bayansu ya ranƙwafa. Yanka da ɗinki ba zan tsaya a kansu ba, duk wanda ya iya haɗa 'yar shara ya wuce nan. Ƙarfen ne aikin.

Kai yaro, matso da wayar ɗaukar hoton nan kusa.

Ƙashin baya gaɓa-gaɓa ne, 7 a wuya, 12 a daidai ƙirji, 5 a ƙugu. Idan shekaru sun ja, musamman ga iyayenmu mata bayan al'ada ta ɗauke, ƙashi yakan yi gautsi, gaban gaɓoɓin nan na ƙirji ya riƙa zaizayewa kamar tubalin da ruwa ya ci ta gefe ɗaya. Ka jera irinsu uku ko huɗu, dole gini ya sunkuya. To ɗamara ba ta miƙar da wannan ƙashin. Tana tallafe bayan ne, ta rage ciwo, ta riƙa tuna wa mutum ya ɗago kafaɗa. Saboda haka bayan ne ke ba ƙarfe umarni, ba ƙarfe ke ba baya ba.

Ni sai da na ji a jikina na gane haka. Ta farko da na yi, wa innata na yi ta, Allah ya jiƙanta. Na saka ƙarfe miƙaƙƙe sambal, a ganina hakan zai ɗago ta. Kwana uku ba ta ce uffan ba, don kada ta karya mini gwiwa. Da ƙanwata ta cire mata, sai ga fata ta saluɓe a kan tsinin doron, faɗin kwabo. Fatar tsoho ba ta da ƙwari, raunin nan ya daɗe bai warke ba. Tun ranar ban ƙara taɓa ƙarfe ba sai na ɗauki siffar baya.

Ga yadda nake yi. Waya ce mai laushi ta alminiyam. Baba ya tsaya yadda ya saba tsayuwa, kada ku ce masa ya miƙe. Ku kwantar da wayar daga gindin wuya zuwa ƙugu, kuna dannawa da yatsa a hankali. Idan mace ce, mace za ta auna ta, ni ƙanwata ke yi mini. Sai a ɗaga wayar a tsanake, a ɗora a kan kwali, a bi ta da alli. A'a, tsaya, fensir ya fi, alli yana da kauri, zai ci muku rabin santimita.

Yanzu ƙarfen. Guda biyu ne na alminiyam, dama da hagu, ƙashin bayan ya zauna a tsakiya babu abin da ya taɓa shi. Ku lanƙwasa kaɗan-kaɗan a kan gwiwa ko itace mai zagaye, ku gwada da zanen, ku ƙara. Kada ku kama da filaya ku karya wuri ɗaya, kusurwa za ta fito, kusurwar nan ita ke cin nama. Kuma alminiyam ba ya son kai-komo, ka lanƙwasa ka mayar sau da yawa sai ya tsage. Kun ga nan? Na zarce kaɗan, bari in sassauta. Yawwa. A wajen tsinin doron ina barin ɗan sarari don soso ya shiga. Bakin ƙarfen kuma ku goge shi da magagari har ya yi sumul, ku shafa a kumatunku, in ya karce ku to zai karce Baba.

Yadi, ni auduga zalla nake sawa ta ciki. Muna garin Sodecoton, kamfanin auduga, auduga ba ta yi mana wuya ba, kuma wanda ya san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu, da ake haura digiri 40, ba zai naɗe tsoho da leda ba. A sa singileti a ƙarƙashi kullum.

Maɗauri a gaba, ba a baya ba. Yatsun dattawa ba sa iya maɓalli, don haka ina sa mannen nan mai kamawa kamar ƙarangiya, da zobe babba da za a zura yatsa a ja. Ku gwada a tsaye, ku gwada a zaune kan tabarma, don da yawa sai an zauna take tokare haƙarƙari ko cinya. Sallah ma ku tambaya: in tana hana ruku'u da sujada, ya zama zai iya kwance ta da kansa ya mayar. Kada a ɗaure tamau, dole numfashi ya sake, balle bayan cin tuwo.

A fara da awa ɗaya ko biyu a yini, a cire a duba fata. Jan da bai baje ba bayan rabin awa, a dawo da ita gyara. Mai ciwon suga a ninka lura. Kuma a riƙa ɗan tattaki, ɗamara ba ta maye gurbin motsa jiki.

Wanda ya ga zai yi masa wuya, shagona na nan wajen babbar kasuwa, gyara kyauta ne a watan farko. Sai dai ku zo da hoton asibiti da bayanin likita. Doron da ya fito da tsini cikin ɗan lokaci, ga zazzaɓi, ga gumin dare, ga rama, ko ƙafafu sun fara rasa ƙarfi, wannan yana iya zama tarin fuka ne ya shiga ƙashi. Magani yake so, ba tela ba, kuma ni ba na auna shi sai likita ya gani.

Miƙo mini ɗaya ƙarfen, mu daidaita shi da ɗan'uwansa kafin a kira la'asar.