Cincila biyu a keji ɗaya: matakin da ake tsallakewa

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka. Daga nan unguwar Nima, a Akra ta ƙasar Gana, nake magana. Wannan mai manyan kunnuwa da take leƙo ku daga bayan katako, cincila ce, sunanta Toka.

Kwanakin nan ana ta turo mini wani bidiyo a WhatsApp, cincila biyu sun kwanta kan juna kamar tagwaye. Kowa ya gani sai ya ce shi ma tasa tana bukatar 'yar uwa. Wani ɗan uwa a unguwar Madina ta nan Akra ya samo ta biyu da yamma, ya zuba ta cikin kejin ta farko, ya je ya kwanta. Da asuba ya tarar da gashi ko'ina, sabuwar tana maƙure a lungu da rauni a bayan wuya. Da ya kira ni muryarsa har rawa take. Dalilin wannan bidiyo ke nan.

Bari mu yi sauri a kan abin da ya kamata a sani tukuna. Cincila ba gyazbi ba ce, wanda ake kira akrantie a nan, ko da yake dangin nesa ne. Asalinta tsaunukan Andis ne a Kudancin Amurka, wurin sanyi da busasshiyar iska. Farautarta saboda fata ta kusa ƙarar da ita a daji. Yawancin waɗanda ake kiwo a gidaje yau jikokin guda 11 ne da wani injiniya Ba'amurke, Mathias Chapman, ya kwaso daga ƙasar Cile ya kai Kalifoniya a 1923.

[A nuna gashin kusa-kusa, ana hura shi]

Ku duba nan. Daga rami ɗaya a fatarta gashi fiye da 50 ke fitowa, kuma ba ta gumi. Da zafi ya haura digiri 25 ta fara wahala, idan ya kusa 30 ana iya rasa ta. A Akra kuwa digiri 30 abin yau da kullum ne. Fanka ba ta yi mata komai, tunda babu gumin da iska za ta busar. Dole na'urar sanyaya ɗaki, dole kuma tanadin ranar dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki: falan tayil mai sanyi da za ta kwanta a kai, da gorar ƙanƙara a naɗe cikin tawul. Ra'ayina a fili yake, wanda ba shi da wannan halin kada ya sayi cincila, ko ɗaya.

Ita Toka a baranda na same ta, cikin kejin tsuntsu. Mai ita ya yi tafiya ya bar wa maƙwabci, shi kuma da kyakkyawar niyya yana ba ta ayaba da gyaɗa, har ya yi mata wanka da ruwa. Na tarar kunnuwanta sun yi ja wur, tana kwance ta gefe tana haki. Abin da ya farfaɗo da ita: ɗaki mai sanyi da shiru, likitan dabbobi, busasshiyar ciyawa dare da rana domin haƙoranta ba sa daina girma, da wankan ƙura ta musamman wadda ake yi daga tokar dutse mai aman wuta. Yashin bakin tekun Labadi bai yi ba, don Allah, kaushinsa yana lalata gashin.

To, yanzu ga inda za mu zauna.

Gaskiya ne a daji cikin garke suke rayuwa, kuma cincila tana jin daɗin 'yar uwa. Amma kejin da ta daɗe a ciki gidanta ne, ta shafa warinta a kowane katako. Ka yi tunanin ka dawo daga kasuwar Kantamanto a gajiye, ka tarar da baƙon da ba ka taɓa gani ba kwance a gadonka yana cin tuwonka. Haka ta farko take ji. Ita kuma baƙuwar ba ta da ƙofar gudu. Faɗansu ba na wasa ba ne, suna kashe juna.

Sabuwar ta fara yin wata guda a wani ɗaki daban, saboda cututtuka irin su makero, wanda har mutum yana ɗauka. A wannan watan ne za ka tabbatar mace ce ko namiji, kuma a nan ake yawan ruɗewa. Mace ma tana da wani ɗan tsiro a ƙasa mai kama da na namiji. Tazara ake dubawa: a jikin namiji akwai fili tsakanin tsiron da dubura, a jikin mace suna manne. Idan ka haɗa mace da namijin da ba a dandaƙe ba, bayan kwana 111 ga 'ya'ya, kuma tana iya sake ɗaukar ciki da zarar ta haihu. Don haka a haɗa mace da mace, ko namiji da namiji muddin babu mace kusa da su.

[Kejuna biyu gefe da gefe]

Bayan watan sai a kawo kejuna ɗaki ɗaya. Kun ga hannuna a tsakani? Wannan tazara, faɗin tafin hannu, ita ce abin da bidiyon can bai nuna muku ba. Idan kejunan suka manne, ɗaya za ta zura yatsu ko hanci ta waya, ɗayar ta cije. Ana rasa yatsa ta haka. Da tazara kuwa suna ganin juna, suna jin warin juna, babu mai taɓa wani.

Daren farko Toka ta miƙe tsaye da ƙafafun baya ta feso fitsari wajen Auta, ƙaramar nan, wato sabuwar. Mata suna yin haka idan ransu ya ɓaci, kuma saitinsu yana da kyau ƙwarai, ɗan yayata mai riƙe da kyamara shaida ne. Kada wannan ya tsorata ka, gargaɗi ne. Haka ma karkaɗa haƙora da wani kuka mai kama da haushin ɗan kwikwiyo.

Daga nan sai musayar wari. Toka ta yi wanka a kwanon ƙura, a miƙa wa Auta kwanon yadda yake. Washegari Auta ta fara. Bayan 'yan kwanaki a musanya katakon kwanciya, daga baya a musanya kejin gaba ɗaya na wasu sa'o'i. Kana so warin ɗayar ya zama abin da aka saba da shi, kamar ƙamshin waakye, wato shinkafa da wake, da safe a layinmu, wanda babu mai ɗaga kai saboda shi.

Yaushe za ka san lokaci ya yi? Ba kalanda za ka duba ba. Ka leƙa da rana lokacin barcinsu. Idan kowace ta zaɓi ta kwanta a gefen da ya fi kusa da 'yar uwarta, an samu ci gaba. Nawa sai da suka kai sati uku. Wasu sati ɗaya, wasu watanni.

Haɗuwar farko a wurin da babu mai shi za a yi, inda ko ɗaya ba ta taɓa takawa ba. Ni ƙaramin lungun nan na share, na toshe ramuka, na ɗauke wayoyin lantarki, na sa tulin ciyawa biyu da kwanon ƙura a tsakiya. Minti goma ya isa. Ka zauna a ƙasa da tawul a hannu.

[A rage gudun hoto a nan]

Ku kalla da kyau. Toka ta bi ta da gudu kaɗan, ta hau bayanta, ta sauka. Wannan neman girma ne, ana tantance wace ce babba, ka bar su. Kun ga wannan ɗan gashi da ya tashi? Cincila tana sakin gashi idan aka cafke ta, dabarar kuɓuta ce daga maharbi. Kaɗan ba komai. Amma idan bi ya ƙi ƙarewa, ko ɗaya tana kai cizo a wuya da baya, ko suka dunƙule suna birgima, ko ka ga ɗigon jini, a raba nan take. Da tawul ko kwali, kada ka sa hannu tsirara. Sannan ka buɗa gashin ka duba fata, domin kaurinsa yana ɓoye rauni mai zurfi. A koma zaman maƙwabtaka, a sake gwadawa bayan kwanaki.

Ga abin da nake jira. A haɗuwa ta shida Auta ta sunkuyar da kai, Toka ta shiga ɗan ciccizar mata gefen kunne a hankali. Gyaran jiki ne, alamar amincewa. Wallahi sai da na ji ƙwalla, na tuna yadda na ɗauko ta daga barandar nan.

Ko a nan ma ba a mayar da su tsohon keji yadda yake. A wanke shi tas da ruwa da binega, a sauya wurin kowane katako, a sa komai biyu-biyu: gorar ruwa, wurin ciyawa, da maɓoya mai ƙofa biyu don kada a ritsa ɗaya a ciki. Daren farko a ɗakin na kwana.

Akwai waɗanda ba za su taɓa shiri ba, musamman wadda ta sha wahala ko ta daɗe ita kaɗai. Ka bar su maƙwabta, kowace da kejinta. Dabba ce da ke kai shekara 15, wasu har 20, babu abin da ke kora ka. Kuma ko sun shirya, kada ka sayar da keji na biyu, don sukan ɓata bayan shekaru. Na Auta yana nan bayan ƙofa a wanke. Ranar zuwa wurin likita ma tare nake kai su, domin idan ɗaya ta dawo da baƙon wari, 'yar uwarta tana iya ƙin gane ta.